Ku Tambaya, Mu Amsa: Tara Mutum-mutumin Dodannin Fim

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sha'awar fara tara mutum-mutumin Godzilla da sauran dodannin tsofaffin finafinai, amma yawansu ya ruɗa ni. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tun kafin ka kashe ko sisi, tsayar da tsayi ɗaya da zamani ɗaya. Tun fitowarsa a 1954 a kamfanin Toho na Japan, Godzilla ya sha canza kama, saboda a tsofaffin finafinan mutum ne ke shiga cikin rigar dodon, kuma akan ƙera sabuwa idan tsohuwar ta mutu. Masu tarawa sun laƙaba wa kowace riga suna: ShodaiGoji ta 1954, KingGoji ta 1962, MosuGoji ta 1964, BioGoji ta 1989. Ga kuma Rodan na 1956, Mothra ta 1961, King Ghidorah na 1964, da Gamera na kamfanin Daiei a 1965. Wanda ya ce sai ya haɗa su duka a kowane girma, aljihunsa ne zai fara gajiya.

Ga sabon shiga mun fi son jerin Movie Monster Series na kamfanin Bandai, masu tsayin kusan santimita 15 zuwa 16: ba su da tsada kuma suna jure faɗuwa. Na kamfanin X-Plus, masu santimita 25 da 30, sun fi kama da rigar fim sak, sai dai ka auna zurfin kantarka tukuna, domin jelar takan sa tsawonsu ya zarce tsayinsu. Na jerin S.H. MonsterArts, da aka fara a 2011, suna da gaɓoɓi masu motsi, amma gaɓoɓin kan saki idan aka cika juya su.

Tambaya: An yi mini tallan wani Godzilla, an ce na Bullmark ne na 1970. Yaya zan gane na asali ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kife shi ka duba tafin ƙafarsa, a nan labarin yake. Kamfanin Marusan ne ya fara fitar da dodannin roba mai laushi a 1966, wadda Japanawa ke kira sofubi, ana sayar da ɗaya yen 350. Ya durƙushe a 1968, sai tsofaffin ma'aikatansa suka kafa Bullmark a 1969, suka ci gaba da zubi a mazuban da suka gada, suka sauya tambarin ƙafa zuwa hoton bijimi. Shi ma Bullmark ya rufe a 1977.

To amma tambari kaɗai bai isa shaida ba. Daga baya an sake fitar da waɗannan siffofi da izini, kuma irin waɗannan kan zo da ƙarin rubutu a ƙafa, na sabon kamfani ko sabuwar shekara. Su ba jabu ba ne, amma kuɗinsu bai kama ƙafar na asali ba. Ka kuma sani shekarar da ke ƙafar mutum-mutumi sau da yawa ta haƙƙin mallaka ce, ba lallai ta zama shekarar da aka zuba shi ba.

Shi jabu ana kwafarsa ne daga jikin na gaske, kuma roba kan tsuke idan ta huce, don haka yakan fito ɗan ƙarami, ƙayoyin baya su dakushe, rubutun ƙafa ya yi kamar ya narke. Nemi mai sayarwa ya ɗauko hoton ƙafafu biyu, da hoton dodon tsaye kusa da rula, ka gwada da na asali da aka tabbatar. Abin wasan yara da ya haura shekara 50 yakan nuna hakan: fentin azurfa ya goge a kan ƙayoyi da farata, wani lokaci ma ka ga sunan yaron da ya mallake shi rubuce da alƙalamin maka a tafin ƙafa. Wannan suna yana ɗan rage kuɗi, amma mu yana kwantar mana da hankali fiye da wanda ya zo fes babu ko ƙwarzane.

Tambaya: Na ajiye nawa a cikin ledarsu ta asali don kada su lalace. Da na buɗe sai na tarar suna danƙo, har ƙura na mannewa. Sun lalace ke nan?

Amsa: Ba su lalace ba, 'yar'uwa, kuma ledar ce ta jawo. Robar nan PVC ce da aka cuɗa da wani mai da ke sa ta laushi. Man yana tsattsafowa a hankali. A sarari iska kan ɗauke shi, amma a rufaffiyar leda, musamman da zafi, sai ya taru a jiki ya zama danƙo.

Ki zuba ruwa mai ɗumi, wanda hannu zai iya zama a ciki, a roba mai faɗi, ki ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke kaɗan. Cire katin da ke rataye a jikinsa da kyau ki adana, domin yana cikin darajar na Bandai. Jiƙa shi awa ɗaya zuwa biyu, ki bi tsagogin fata da buroshin haƙori mai laushi, ki ɗauraye, ki girgiza ruwan da ya shige ciki, ki bar shi ya sha iska a inuwa kwana ɗaya. Idan da saura, a maimaita. Kada tina, wato ruwan tsinka fenti, ko ruwan goge fentin farce su kusance shi, nan take za su kwashe fentin. Wanda ke da batir ko fitila a ciki ba a jiƙa shi, gogewa ake yi da tsumma mai danshi.

Bayan haka a raba su da hasken rana, wanda ke koɗar da launi. Kada kuma a jingina su da juna ko da busasshiyar robar nan ta akwatin faifan CD, domin man yakan narkar da ita, fentin wani kuma ya hau jikin wani.

Tambaya: Jelar X-Plus ɗina, wadda ta zo a cire, ta ƙi shiga jikinsa, wani dodon kuma ya fara karkata gaba. Mene ne magani?

Amsa: Zafi ne maganin duka biyun, Malam. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗumama jelar. Ramin da ke jikin dodon za ka ɗumama da na'urar busar da gashi, daga nisan kamar santimita 15, kana zagayawa na minti ɗaya zuwa biyu har bakin ya yi laushi. Ita jelar a bar ta da sanyinta da taurinta, a cusa gefe ɗaya, a murza har ta zauna.

Mai karkata kuwa nauyin kai da ƙirji ne ya danne idon sawu, tunda cikinsa holoƙo ne. Tsoma ƙafafun a ruwan zafi na digiri 60 zuwa 70 na rabin minti, ka tsayar da shi a kan tebur marar tudu da kwari, ka daidaita, ka riƙe, sannan ka tsoma a ruwan sanyi. Idan ya sake komawa, cusa takarda a ƙafafun har su cika tam. Masu haɗa manyan dodanni sukan zuba filasta, wato kwaɓin farin gari mai daskarewa kamar siminti, a cikin ƙafafun zuwa gwiwa, amma wannan ba ya fita, don haka ba a yi wa tsohon Marusan ko Bullmark.

Tambaya: Zan iya gyara fentin da ya goge?

Amsa: A kan na zamani, ƙwarai, amma da fentin akirilik na ruwa ko wanda aka yi domin wannan roba, irin V-Color. Fentin mai ba ya bushewa a kanta, zai yi ta danƙo har abada. Tsoho kuwa na shekarun 1960 da 1970 a bar shi yadda yake, domin masu saye sun fi biyan gogaggen fenti na asali a kan sabon shafe, kuma idan an taɓa gyara shi wajibi ne a faɗa wa mai saye.