Ka fara da faifan John Prine na 1971, amma ka san abin da za ka tarar

Ɗan'uwa, ka ce an ba ka sunan John Prine, mawaƙin Amurka, kana tambaya ko ka fara da faifansa na farko ko ka tsallake shi, tunda ka ji ana cewa manyan kamfanoni suna ɓata mawaƙin kantiri da zarar sun ɗauke shi. Amsata a gajarce: ka fara da shi. Sauran bayanin kuma ka yi haƙuri da tsawonsa.

Ni a kan Don Williams da Jim Reeves na tashi, kamar yawancin sa'o'ina. Kaset ɗinsu ba ya fita daga motar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, in za mu Jos daga Kano. Don haka da na ji Prine karon farko, a watan Afrilun 2020 muna kulle a gida, bayan labarin cewa korona ta kashe shi a Nashbil, sai na ji kunnena bai karɓa ba. Muryar a shaƙe take, ta hanci, babu santsin nan da muka saba. Na kashe. Bayan kwana biyu na dawo da rubutattun baitocin a gabana, to a nan ne na gane cewa ba murya ake zuwa nema wurinsa ba. Ka yi haka kai ma. In ka sa shi kana tuƙi ko kana hira, ka yi asarar lokacinka.

Game da batun kamfani, sai ka san inda waƙoƙin suka fito. Prine mai raba wasiƙu ne a unguwannin gefen Shikago, bayan ya gama aikin soja a Jamus ta Yamma. A ƙafa yake yawo gida gida, baitoci suna haɗuwa a kansa, in ya koma gida ya ɗauki jita ya ɗora su. A 1970 ya fara rerawa a wani ƙaramin kulob mai suna Fifth Peg, inda ɗan jarida Roger Ebert, wanda aikinsa ma sharhin fim ne, ya ji shi ya rubuta labarinsa. A 1971 abokinsa mawaƙi Steve Goodman ya jawo shahararren mawaƙin kantiri Kris Kristofferson ya zo ya saurare shi a wani kulob cikin dare, an riga an tashi, an kife kujeru. Kristofferson ya gayyace shi dandalin Bitter End a Niyok, Jerry Wexler na kamfanin Atlantic yana zaune cikin masu sauraro, washegari aka yi masa tayin kwantiragi. Abin da nake so ka riƙe shi ne, kafin Atlantic su san da shi, waƙoƙin sun nuna. Kamfanin dafaffen abinci ya tarar, kwano kawai ya kawo.

Kwanon ne wani lokaci bai dace ba. An kai shi Memfis, sutudiyon American Sound, aka haɗa shi da makaɗan da suka yi wa Elvis Presley kiɗa a 1969, aka ba Arif Mardin, haifaffen Istanbul, jagorancin aikin. Yaron da ya saba shi da jitarsa kaɗai, ga shi tsakiyar ƙwararru. Ana jin ɗari-ɗarin a muryarsa, kamar baƙon da aka ba tabarmar mai gida. Hoton bango ma sun zaunar da shi a kan damin ciyawa don ya yi kama da ɗan ƙauye, alhali yaron birni ne, shi da kansa ya riƙa yi wa hoton dariya daga baya. Wannan ne iyakar ɓarnar da zan iya ɗora wa kamfanin, kuma ba ta taɓa baiti ko ɗaya ba.

Waƙa 13 ce a ciki, amma huɗu zan ce ka zauna a kansu.

"Sam Stone" labarin sojan da ya dawo daga yaƙi da raɗaɗi a jiki da jarabar ƙwaya, kuɗin gida suna ƙarewa a allura, yaransa suna kallo, har ya mutu shi kaɗai a ɗaki. An yi ta ne ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, amma ba ya zagin kowa, ba ya wa'azi. Akwai wani maƙwabcinmu da ya yi irin wannan ƙarshen, ba soja ba ne shi, amma matarsa da yaransa sun ga abin da waƙar ta faɗa. Ranar da na fahimce ta ban iya cin abincin dare ba.

"Hello in There" kuwa tsoho ne yake magana, shi da matarsa sun rage su biyu, yara sun watse, ɗaya ya mutu a yaƙin Koriya, hira ta ƙare tsakaninsu. Wanda ya rubuta wannan bai kai shekara 25 ba. Har yau ban gane yadda saurayi ya shiga zuciyar dattijo haka ba. Mu da muke alfaharin ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu, mu tambayi kanmu yaushe rabon da mu zauna mu yi hira da su, ba gaisuwar tsaye ba.

"Paradise" sunan wani ƙauye ne na gaske a gundumar Muhlenberg ta jihar Kentaki, asalin iyayensa, wanda haƙar kwal ta cinye. Duk wanda ya ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a Bukuru ba ya buƙatar a fassara masa. Ita ba a Memfis aka ɗauke ta ba, a Niyok ne, yayansa Dave yana goga goge, Goodman yana tayawa. Ka saurare ta daf da wata daga cikin na Memfis, za ka ji bambancin da kunnenka, ita ce ta fi kama da shi.

Ta huɗun, "Angel from Montgomery", da bakin mace mai matsakaicin shekaru da aure ya gundura ya yi ta. Gaskiya na fi son yadda mawaƙiya Bonnie Raitt ta rera ta a 1974, masoyansa su yafe mini.

Faifan bai yi wata kasuwar kirki ba da ya fito. Amfanin Atlantic shi ne ya kai waƙoƙin kunnen manyan mawaƙa suka riƙa ɗauka suna rerawa. Zargin da ka ji ma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, domin bayan faifai huɗu da Atlantic da uku da Asylum, Prine ya gaji da manyan kamfanoni, shi da manajansa Al Bunetta suka kafa nasu, Oh Boy Records, a farkon shekarun 1980, suna aika wa mutane faifai ta gidan waya. Tsohon mai raba wasiƙu ya koma gidan jiya.

In ka gama da na 1971 kana son jin sa babu ado, ka nemi na biyun, Diamonds in the Rough, na 1972. Amma kada ka yi gaggawa, ni wata uku na yi ban wuce na farkon ba.