Masu bincike sun zo ajina, mata sun fara janyewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da matan aure karatu da rubutu a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Kwanan baya masu bincike daga jami'a suka zo, suka yi wa mata gwaji, suka ɗauki hotuna. Tun daga nan wasu suka daina zuwa, wai an tona musu asiri a gaban baƙi. Masu binciken za su dawo, kuma wani na sama da ni ya ce in nemo 'yan matan da suka gama firamare in cika aji da su, kada a ce ban iya aiki ba a tsayar mini da alawus. Hankalina a tashe yake. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kwantar da hankalinki. Mai bincike ba sufeto ba ne, ba shi ya ɗauke ki aiki ba, kuma ƙa'idar aikinsa ta hana shi miƙa sunanki ko na ɗalibanki ga kowa.

Amma shawarar da aka ba ki ita ta fi damuna, don kusan duk inda na shiga sai na tarar da ita. An ɗauka bincike jarrabawa ce, dole a ci. Sai a aro 'yan firamare, a haddace wa mata amsa, a ce wa mai rauni ta zauna gida ranar. Malama, wa aka yi wa wayo? In rahoto ya ce matan ƙauyenku suna karatu tsaf, wa zai ƙaro littattafai? Wa zai gano cewa aji na watsewa da damina da lokacin girbi, ko cewa lokacin da aka tsayar ya ci karo da girkin dare? An rufe ciwo, an ce wa likita lafiya lau. Kuma matar da aka ɓoye ta san dalili. Uwa mai 'ya'ya bakwai, wadda ta sha wuya kafin maigida ya amince ta fito, ta ga an zaunar da sa'ar 'yarta a gurbinta. Ba za ta dawo ba. Jami'in da ke ba da wannan umarni kujerarsa yake karewa, ba ilimin mata ba. Tun 1980 Kano ta kafa hukumar ilimin manya, lokacin Jigawa na cikinta, har UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karrama ta a 1983. Abin takaici ne a ce yau da aron ɗalibai za mu riƙe wannan gado.

Su ma masu binciken da laifinsu. Tsoron da mutane ke yi yana da tushe, Kano ba ta manta gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a 1996 ba. Bai dace a sa mace ta dangwala yatsa a takardar da ba ta iya karantawa ba. A karanta mata da Hausa, a gaya mata tana da damar ƙi, kuma ƙin ba zai taɓa zamanta a aji ba. Wani abin kuma, da yawa cikin matan nan suna karanta Alƙur'ani, wasu har da ajami, amma gwajin boko kaɗai sai ya rubuta su a jahilai. Ki gaya musu wannan.

Kafin su dawo, ki nemi su zauna da maigari, a sanar da mazajen. Gwaji a yi shi ɗaya bayan ɗaya a kebe, kuma mace ta yi shi. Ba hoto sai da izini. Su faɗa a fili cewa rubuta suna ba rabon tallafi ba ne, don wannan jita-jitar kan cika aji mako guda, ta watsa shi a na biyu. Ki roƙe su su dawo da abin da suka gano, su bayyana wa matan da baki. Ke ma ki ba su labarin alawus ɗinki da ƙarancin alli, yana cikin abin da ya kamata su rubuta.

Waɗanda suka janye kuwa, ki bi su gida da kanki, ki ba su haƙuri, ki tabbatar musu ba wanda zai sake tsayar da su karatu a gaban baƙo.