Bokitin taraktata ya tsage, zan iya gyara shi a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar tarakta mai bokiti a gaba, da ita nake kwasar taki da yashi. Bokitin ya tsage a kusurwa, leɓen sama ya lotsa, bakin da ke cin ƙasa kuma ya cinye. Sau biyu ina liƙe tsagar da walda tana sake buɗewa. Ina da injin walda a gida. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zai gyaru, amma kafin ka kunna inji ka cire bokitin ka ajiye shi a ƙasa. Don Allah kada ka shiga ƙarƙashin bokitin da aka ɗaga, domin man hayidurolik ne kawai ke riƙe da shi, tiyo ɗaya ya fashe sai ya faɗo. In ba zai ciru ba, sauke shi ƙasa, ka cire kan batir, ka maƙala wayar at, wato wayar injin walda da ake maƙala wa ƙarfen, dab da inda za ka yi walda, ka lulluɓe sandunan hayidurolik masu ƙyalli. Tartsatsi ɗaya ya manne musu, zai yaga robar da ke tare mai, man ya fara yoyo.

Tsagar tana dawowa ne don a samanta ka shafa walda, can ciki tana nan tana tafiya. Goge wurin sai ƙarfe ya yi fari, ka bi ta da ido har inda ta ƙare, wanda sau da yawa ya wuce inda kake zato. A nan ka huda rami mai faɗin milimita 5 ko 6, don tsagar ta tsaya a nan. Sai ka gurje tsagar ta zama kwari, faɗi a sama, tsini a ƙasa, don walda ta ratsa kaurin ƙarfen. Yi aiki da sandar walda mai lamba 7018, ba 6013 da aka saba yin ƙofa da taga da ita ba. Sai dai 7018 ba ta son raɓa, wadda ta kwana a buɗe da damina ba ta da amfani a nan. In ka gama, ɗora faci mai zagayayyun kusurwoyi, domin daga kusurwa mai tsini sabuwar tsaga ke tashi.

Leɓen sama kuwa, miƙar da shi da jak, ka bi tsawonsa da ƙarfen angul mai kaurin milimita 6. Yi walda santimita 5, ka tsallake 15, ka koma ɗaya gefen. Idan ka ja waldar a tashi ɗaya, zafi zai murɗe bokitin.

A wajen baki ne nake yawan ganin asara. Masu walda kan liƙa sifirin tsohuwar mota saboda tauri da araha, amma ƙarfe ne mai saurin darewa a gefen walda. Gara ka nemi baki na ƙarfen AR400, wato ƙarfe mai jure gogayya. Ɗumama shi zuwa kamar digiri 150 a ma'aunin Salshiyas, ka yi walda, ka binne wurin da busasshen yashi ya huce a hankali. Kada ruwa ya taɓa shi.

Kuma kada ƙarfafawar ta yi yawa. Duk kilo ɗin da ka ƙara wa bokiti ka rage shi ne daga kayan da tarakta za ta ɗauka. In bokitin ya fi hannayen tarakta ƙarfi, ranar da ka daki kututture hannayen ne za su lanƙwashe, kuma gyaransu ya fi na bokiti tsada nesa ba kusa ba.