Me ya sa sabuwar manhaja ke isa wata kwamfuta kafin wata?

Tambaya: Ina amfani da Debian, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, reshen unstable wanda sababbin manhajoji ke fara shiga, a kan kwamfutata mai injin Intel da kuma ƙaramin allon kwamfuta na Raspberry Pi. Sau da yawa sabon zubin manhaja yakan iso kwamfutar, amma allon ya kwana biyu bai samu ba. Ko matsalar daga wajena take?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka, babu laifi a wajenka. Injinan nan biyu ba harshe ɗaya suke ji ba. Na Intel yana cikin jinsin amd64, allon kuma arm64 ne ko armhf, saboda haka dole a harhaɗa wa kowanne nasa ƙunshin manhajar daban daga rubutun asali guda, wato wanda masu shirya manhajar suka rubuta.

Mai kula da manhajar yakan ɗora rubutun asalin ne kawai. Daga nan sai wata rajista mai suna wanna-build ta sa shi a layin kowane jinsi da alamar Needs-Build, wato yana jiran a harhaɗa shi. Kwamfutocin da ake kira buildd, waɗanda aikinsu ke nan dare da rana, su ne ke ɗauka daga layin, kuma da zarar ɗaya ta ɗauka sai rajistar ta rubuta Building, wato ana kan harhaɗawa, don kada wata ta maimaita aikin. Kowace harhaɗawa a tsaftataccen muhalli ake yin ta da wata manhaja mai suna sbuild.

Jinkirin da kake gani yawanci daga nan yake tasowa. Wani lokaci layin ne ya yi tsawo. Wani lokaci kuma manhajar tana jiran wani ƙunshin da ta dogara da shi wanda ba a gama haɗa shi ga wannan jinsin ba, sai ta tsaya cak har ya iso. Mafi wuyar sha'ani shi ne alamar Failed, wato harhaɗawar ta gaza, domin sai mutum ya zauna ya karanta rahoton. Jinsin s390x na manyan kwamfutocin IBM, alal misali, yana jera sassan lamba saɓanin yadda Intel ke jerawa, kuma sau da dama a can ne kuskuren da ya daɗe a ɓoye yake fitowa fili. A ganina wannan alheri ne babba, ko da yana jawo jira.

Ka shiga buildd.debian.org ka rubuta sunan ƙunshin, za ka ga halin da yake ciki a kowane jinsi. Idan kuwa da allon kake aikin yau da kullum, ka mayar da shi reshen stable, wato tabbataccen reshe, ko testing, reshen gwaji, inda a ƙa'ida ba a shigar da sabon zubi sai ya haɗu a duk jinsunan hukuma da tsohon zubin ya haɗu a kansu.