Amsa kan batun Spurs da Wembanyama

Ɗan'uwa, ka tambaya ko San Antonio Spurs, ƙungiyar ƙwallon kwando ta gasar NBA a Amurka, za ta iya gina tawagar da za ta ɗauki kofi a kan ɗan wasanta Victor Wembanyama. Ina ganin za ta iya, amma sai an yi haƙuri.

Tun da suka ɗauko yaron nan na Faransa a 2023, a kakarsa ta farko wasa 22 kawai suka ci, ta biyu suka ci 34. A Fabrairun 2025 gudan jini a kafaɗa ya sa ya ajiye ƙwallo har ƙarshen kaka. Lafiyarsa ce abin da nake jin tsoro, domin masu tsayi irin nasa ba sa rabuwa da rauni.

Shugabannin dai sun yi dabara. Sun kawo De'Aaron Fox daga Sacramento, ga Stephon Castle da Dylan Harper. Tsohon kocinsu Gregg Popovich ya sauka, Mitch Johnson ya karɓi horarwa. Ka tuna Tim Duncan ma da ya zo Spurs a 1997 ya tarar da gwarzon ɗan wasansu David Robinson, shi ya sa kofi ya zo a 1999.

Mu nan Agege sai ƙarfe biyun dare muke kallo, in wuta ta ɗauke sai janareto, da safe kuma ga kasuwa.