Garin fangas na saiwa: wa ya kamata ya saya?

Tambaya: Ina rainon dashen itatuwa a leda, mangwaro da lemo da turare da itacen fain (pine) kaɗan. An tallata mini wani gari a fakiti, wai fangas ne mai ƙara wa saiwa ƙarfi. In saya in zuba wa dukkansu?

Amsa: Malam, kafin ka sa hannu a aljihu, juya fakitin ka karanta sunayen da ke bayansa, domin a nan maganar take. Asalin abin da aka gaya maka gaskiya ne. Mafi yawan tsirran duniya zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi da fangas, wato dangin funfuna da laimar kwaɗi, a saiwoyinsu. Itace yana ba shi daga sukarin da ganyensa ya haɗa, wani lokaci har kashi 20 cikin 100. Shi kuma fangas yana shimfiɗa zaruruwa waɗanda suka fi gashi siranta nesa ba kusa ba, su kutsa inda saiwa ba ta iya shiga, su jawo ruwa da sinadarin fosfaros da naitirojin. Wani Bajamushe masanin tsirrai, Albert Bernhard Frank, shi ya raɗa wa wannan zama suna maikoraiza a 1885.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, kowane itace da abokin tafiyarsa. Manyan gidajen wannan fangas biyu ne. Na farko yana shiga har cikin ƙwayoyin halittar saiwa, ya yi rassa kamar 'yar ƙaramar bishiya. Ido ba ya ganinsa sai da madubin likita, kuma ba ya fitar da laimar kwaɗi a bisa ƙasa. Nau'o'insa da aka sa wa suna 'yan ɗaruruwa ne kawai, amma su ke yi wa wajen kashi 70 cikin 100 na tsirrai hidima, har da mangwaronka da lemonka. Zaman ya daɗe ƙwarai, an ga sawunsa a duwatsun Rhynie na ƙasar Sikotilan, masu shekara sama da miliyan 400.

Gida na biyu ba ya huda ƙwayar. Naɗe kan saiwa yake yi kamar safa, sannan ya ratsa ta tsakanin ƙwayoyin. Tsirran da ke hulɗa da shi ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba, sai dai su ne iyayen daji: fain, itacen ok (oak), doka, kawo. Nau'o'in wannan gida dubbai ne, masana na kiyasin sun kai 20,000. Shi kam za ka iya ganinsa da idonka. Zare dashen fain guda daga leda, ka ɗauraye saiwar a hankali. In ka ga kawunan saiwoyin sun gajarce, sun kumbura, sun rabu biyu kamar gwafa, da wani farin saƙa mai kama da yanar gizo-gizo a jikin ƙasar, to ya riga ya sami abokinsa, ba ya bukatar komai daga fakiti.

Yanzu koma kan sunayen. Rhizophagus irregularis ko Glomus 'yan gida na farko ne, ba abin da za su tsinana wa fain. Pisolithus, Laccaria, Suillus da Rhizopogon 'yan gida na biyu ne, zuba su ga mangwaro zubar da kuɗi ne. Turare yana karɓar duka biyun. In kuwa Trichoderma kaɗai ka gani, shi wani fangas ne dabam mai nasa amfanin, amma ba maikoraiza ba ne.

Ko sunan ya dace, ka tuna abu mai rai kake saye. Zafi da daɗewa a kanta suna kashe shi, kuma gwaje-gwajen da masana suka yi wa irin waɗannan kayan sun nuna da yawansu ba sa kama saiwa ko kaɗan. Duk fakitin da bai rubuta sunan nau'i da yawan ƙwayar iri a kowane giram da ranar lalacewa ba, ajiye shi.

Ra'ayina, in ƙasar gona mai rai kake cika leda da ita, kada ka saya wa mangwaro da lemo, abokansu suna cikin ƙasar tun kafin a haife mu. Inda sayen yake da ma'ana shi ne ƙasar da aka gasa don kashe cuta, ko filin da aka haƙe ma'adinai aka kwashe saman ƙasarsa, ko fain da za a kai inda danginsa ba su taɓa tsirowa ba. An ga wannan a tsibirin Fwato Riko: shekara da shekaru ana shuka fain yana tsumburewa, ganye ya yi ɗorawa ya mutu, sai a shekarun 1950 da aka kawo ƙasa daga gindin fain na Karolina ta Arewa a Amurka aka zuba, sannan dashen ya miƙe. In ka saya, ka sa wa dashe goma, ka bar goma haka nan, ruwa ɗaya, inuwa ɗaya. Bayan wata uku ko huɗu ba sai wani ya ba ka labari ba. Kuma garin ya taɓa saiwa, barbaɗa shi a sama ba ya aiki.

Tambaya: Duk damina laimar kwaɗi tana fitowa a gindin itatuwana. In sayi maganin feshi?

Amsa: Hajiya, duba daga ina take fitowa tukuna. In daga ƙasa take tsirowa, nesa kaɗan da gindi, itacen kuma ganyensa shar, to galibi ko dai ta abokin saiwa ce, ko ta masu ruɓar da busasshen ganye, kuma duka biyun alheri ne. Lemar da kike gani kamar 'ya'yan itace take, ainihin jikin yana ƙarƙashin ƙasa, kuma maganin da za ki kwarara yana iya cutar da mai yi wa itacen aiki. In kina tsoro saboda yara, tsinke ta ki binne, kuma tsoron yana da dalili: Amanita phalloides, wadda ta fi kowace lema kashe mutane a duniya, abokiyar saiwar ok ce, kuma gubarta sai bayan sa'o'i shida ko fiye take nuna alama, alhali ta fara cin hanta.

Wadda za ta tayar miki da hankali ita ce mai fitowa a jikin kututture, mai tauri kamar faranti da aka kafa a bango. Wannan alamar ruɓewar ciki ce, feshi ba ya maganinta. Ki nemo masanin itatuwa ya duba, musamman in itacen yana kusa da ɗaki ko hanya.

Tambaya: Maimakon saye, in ɗebo ƙasar daji in haɗa?

Amsa: Ɗan'uwa, dabara ce tsohuwa kuma tana aiki, amma da sharaɗi. Ka ɗebo daga gindin lafiyayyen itace irin wanda kake raino, na kusa da kai, daga saman ƙasa inda ƙananan saiwoyi suke. Tafin hannu guda ya ishi leda da yawa. Kada ka bar ta ta bushe a rana, kada kuma ka yi jigilarta daga wata ƙasa zuwa wata, domin tana iya zuwa da tsutsar saiwa da cututtuka. In gandun daji ne mai tsaro, nemi izinin masu kula da shi. Sannan ka sassauta takin zamani mai yawan fosfaros a watannin farko, domin itacen da ya ƙoshi da shi yakan rage karɓar fangas a saiwarsa, sai wahalarka ta tashi a banza.