Kyanwa Mai Zanen Damisa: Amsoshin Tambayoyinku Kafin Ku Fitar da Riyal

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato magunan nan masu jinin daji da suka cika Snapchat da Instagram, Bangal da Sabana. Mun ɗauki biyar.

Wata baiwar Allah daga Jidda: Na ga 'yar kyanwar Bangal mai mako 7 a kan riyal 1,500, babu takarda. Wani kuma ya ce tasa 8,000 da shahada, wato takardar asali. A hoto ban ga bambanci ba. Wacce zan saya?

Hajiya, a hoto ba za ki ga bambanci ba, domin ba a fata bambancin yake ba. Bangal ta samo asali ne daga haɗa kyanwar gida da wata ƙaramar kyanwar dajin Asiya mai ɗigo-ɗigo. Wata Ba'amurkiya, Jean Mill, ita ta ɗora harsashin irin, kuma ƙungiyar TICA mai rajistar maguna ta karɓe shi a 1986, ta ba shi damar shiga cikakkiyar gasa a 1991. Wadda uwarta ko ubanta na daji ne ita ake kira F1, 'yarta F2, jikarta F3. Sai an kai zuriya ta huɗu, an yi ta haɗa Bangal da Bangal zalla har hawa uku, sannan ake rubuta mata SBT. Wannan ita ce kyanwar gida ta gaskiya, wadda za ta zauna da yaranki.

To ki nemi shahadar ki karanta da idonki. Lambar rajistar TICA tana farawa da haruffa uku, sai lambobi shida na ranar haihuwa, wata sannan rana sannan shekara, sai wasu lambobi uku a ƙarshe. Idan mai sayarwa ya ce an haife ta a watan Maris amma lambar ta fara da 09, takardar wata kyanwa ce ya miƙo miki. Bayan haka ki ce a karanta sharihar da ke ƙarƙashin fatar wuyanta. 'Yar na'ura ce kamar ƙwayar shinkafa mai lambobi 15, kowane likitan baiɗari, wato likitan dabbobi, yana da abin karanta ta. Lambar da ta fito ta dace da wadda ke cikin littafin rigakafi, in ba ta dace ba ki kama gabanki.

Abin da ya fi shahadar ma muhimmanci shi ne gwajin iyaye. Cututtuka uku ne ke bin jinin Bangal. Akwai PRA-b, mai lalata ganin ido sannu a hankali har kyanwa ta makance tun tana ƙarama. Akwai ƙarancin PK, mai farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ki ga dasashinta ya yi fari tana ta kasala. Waɗannan biyu da gwajin DNA ake gano su, sau ɗaya a rayuwa, kuma idan ɗaya daga cikin iyayen sakamakonsa N/N ne, wato ba ya ɗauke da gadon cutar, 'ya'yan ba za su kamu ba. Ta uku ita ce HCM, kaurin tsokar zuciya. Ita wannan ba a gama da ita da gwaji ɗaya, sai an riƙa yi wa iyayen hoton zuciya lokaci zuwa lokaci, don haka ki duba kwanan watan hoton, kada ya zama na shekara uku da suka wuce. Mai kiwon da ya san aikinsa zai turo miki waɗannan takardu kafin ki rufe baki. Wanda ya fara cewa "wallahi iyayenta lafiyarsu lau", ba shi da su.

Mako 7 kuwa ya yi wuri ƙwarai. Ba a raba 'yar kyanwa da uwarta kafin mako 12. A tsakanin nan ne take koyon sassauta cizo da amfani da akwatin yashi, kuma a nan ake yi mata allurar sulasi, wato rigakafin cututtuka uku masu yaɗuwa tsakanin maguna, a mako 8 da 12, a ƙarasa a mako 16, ta haukan kare kuma daga mako 12. Wadda aka yaye da wuri ita ce ke tashi da cizon hannu da tsotsar bargo.

Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Idan mai 8,000 ya kasa kawo gwaje-gwajen nan, shi da mai 1,500 duk ɗaya ne. Kuma kada ki tura kuɗin kafin alƙalami sai kin je kin ga uwar da wurin da suke kwana.

Wani ɗan uwa daga Riyad: Ina son Sabana F1, ko ma ita ta dajin kanta. A shugga nake, wato fulat a gidan bene, hawa na uku, da yara biyu. Ina kuma tunanin in haɗa namiji da mace in riƙa sayar da 'ya'yan.

Malam, mu fara da doka. Ta dajin, wadda ake kira sarbal, dabbar dawa ce mai farauta, nauyinta daga kilo 9 zuwa 18. Cibiyar kula da namun daji ta ƙasar Saudiyya, wato Markazul Waɗani li Tanmiyatil Hayatil Fiɗriyya, ta sha gargaɗi a kan ajiye irin waɗannan a gida, kuma hukuncin da dokar muhalli ta tanada yana iya kaiwa ɗaurin shekara 10 da tarar riyal miliyan 30. Mai zama da igama, wato takardar izinin zama, ya san abin da zai biyo bayan wannan. Sarbal tana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma a ƙa'idar yarjejeniyar, duk ruwa-biyun da ke da kakan daji a cikin hawa huɗu na baya, hukuncin na daji ke kansa. Ke nan daga F1 zuwa F4 ba sa ƙetare iyaka sai da izinin CITES, bayan izinin shigo da dabba na ma'aikatar muhalli da ruwa da noma. Kafin ka biya ko halala ɗaya, ka tambayi cibiyar ta dandalinta na Fiɗri, ka sami amsa a rubuce. Maganar dillali ba ta tsayawa a filin jirgi.

Sai zaman gidan. An haifi Sabana ta farko a 1986 daga sarbal namiji da kyanwar Siyam. F1 rabinta daji ne ko fiye, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Daga tsaye take tsallake abin da ya haura mita biyu, tana buɗe ƙofa da mariƙi, tana tauna wayar caja da robar takalmi ta haɗiye, hanji ya toshe, sai tiyata. Da yawa cikinsu suna fesa fitsari a bango don shata iyaka ko da an yi musu fiɗiya, kuma sukan shaƙu da mutum ɗaya su ƙi kowa. Ranar da za ka tafi hutu gida wata biyu, wa za ka bar wa? Irin wannan tana buƙatar keji mai rufi a tsakar gida, wanda mutum zai shiga ya tsaya, ga inuwa ga sanyi saboda zafin Riyad. Shugga a hawa na uku da yara biyu, a'a.

Batun kasuwancin kuma, lissafin ya karye tun daga tushe. Mazan zuriyar farko ba sa haihuwa. A Bangal, namijin F1 zuwa F3 galibi juya ne, a Sabana kuma sai wajen F5 ake samun namiji mai haihuwa. Duk wanda ya sayar maka da "namiji da mace F1 don kiwo" ya sayar maka da rabin kaya. Samar da F1 ɗin ma wuya gare shi, saboda cikin sarbal kwana 74 ne ko kusa da haka, na kyanwar gida kuma 63 zuwa 65, sai 'ya'yan su zo ba su ƙosa ba, wasu su mutu. Shi ya sa a Amurka kuɗinta ke haura dala 10,000, wato sama da riyal 37,500, ban da jirgi da takardu. Idan ka ga F1 a riyal 6,000, ko dai ba F1 ba ce, ko kuma ta bayan gida ta shigo.

Idan tsayin ƙafa da manyan kunnuwa ne suka burge ka, nemi Sabana SBT daga F5 zuwa ƙasa. Idan ɗigon ne kawai, Mau ta Masar da Osikat suna da shi, babu ɗigon jinin daji a jikinsu.

Wata uwa daga Shara Mansur, Makka: Muzurunmu Bangal wata 5. Wanda ya sayar mana ya ce jinin daji gare shi, nama zalla za a ba shi. Ƙirjin kaza muke dafa masa. Yanzu yana ɗingishi, ba ya son tsalle, ga zawo.

Hajiya, ki kai shi baiɗari yau, a ɗauki hoton ƙashinsa. Abin da kika kwatanta ya yi kama da illar tsoka zalla. Tsokar nama cike take da fosforas, kalsiyam ɗinta kaɗan ne. Jiki kuwa dole ya sami kalsiyam a jini, sai ya shiga zaro shi daga ƙashi, ƙashin ya yi laushi kamar rake da aka tsotse, ya karye daga ɗan tsalle a kan kujera. Kyanwar daji ba tsoka kaɗai take ci ba, tana cinye ɓera da ƙashinsa da kayan cikinsa. Ga kuma sinadarin torin, wanda ke narkewa ya bi romo idan an tafasa nama. Rashinsa na lalata zuciya da ido.

Maganin shi ne cikakken abincin 'yan kyanwa, na gwangwani da busasshe, wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya wadatar shi kaɗai. A al'ada kwana 7 zuwa 10 ake ɗauka ana sauyawa, rubu'i sabo, sai rabi, sai kashi uku cikin huɗu, amma a halin da yake ciki likita zai faɗa miki saurin da za a yi. Kaza ta koma lasa, kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini. Ki tsare shi a ƙaramin ɗaki inda babu abin hawa har ƙashin ya yi ƙwari.

Zawon kuma, idan yana zuwa yana dawowa, mai wari sosai da majina ko ɗan jini, ki roƙi a yi gwajin PCR na ƙwayar tiritirikomonas. Ta yawaita a gidajen kiwo masu cunkoso, kuma maganin tsutsa na yau da kullum ba ya kashe ta.

Abin da ba za ki yi ba: kada ki ba shi farasitamol don ciwon ƙafar, ƙwaya ɗaya tana kashe kyanwa. Kada a zuba masa sauran kabsa ko miya, albasa da tafarnuwa na farfasa jininsa. Maganin ƙuma na karnuka mai fametirin guba ne gare shi. Turaren wuta ma, mun san ba a raba gidan Bahaushiya da shi, amma a fitar da shi daga ɗakin har hayaƙin ya lafa.

Tunda ya kusa wata 6, ki yi maganar fiɗiya da likitan da zarar ya murmure, kafin ya koyi fesa fitsari a labule. Akwatin yashi biyu ga kyanwa ɗaya, tsawon kowanne ya kai tsawon jikinsa da rabi, zurfin yashi santimita 5 zuwa 7. Tagogi da baranda a sa musu raga mai ƙarfi, ta sauro ba ta tare Bangal.

Wani matashi daga Madina: Tawa SBT ce, wata 7. Ina so in kai ta gasar nuna maguna. Me alƙalai ke dubawa?

Ɗan uwa, fara duba wace ƙungiya ce ke da gasar, TICA ko CFA ko WCF, domin kowace da ƙa'idarta da rajistarta. A TICA, daga wata 4 zuwa ƙasa da wata 8 ajin yara ne, daga wata 8 ajin manya, waɗanda aka yi wa fiɗiya kuma da ajinsu daban, saboda haka fiɗiya ba ta hana lashe kambu. Shekarun ranar gasar ake lissafawa, taka tana bakin iyaka, ka ƙirga da kyau.

A fata, ana son ɗigon ya fito ɓaro-ɓaro daga launin ƙasa, ya warwatsu ko ya bi kwance daga kafaɗa zuwa cinya. Mafi daraja shi ne ɗigo mai launi biyu, baki-baki duhu, tsakiya haske, irin na damisa. Idan ɗigon ya haɗe ya zama layi a tsaye a kan haƙarƙari kamar na magen unguwa, ana rage maki. Ciki dole ya kasance da ɗigo. Farin tabo a wuya ko ƙirji aibi ne a wurin alƙalai. Sai ƙira: ƙananan kunnuwa masu zagayayyen baki, wutsiya mai kauri, ƙafafun baya sun ɗan fi na gaba tsawo, jiki duk tsoka.

Amma inda sababbi ke faɗuwa shi ne hali. Alƙali zai ɗaga ta, ya miƙar da ita, ya shafa wutsiya, ya kaɗa mata gashin tsuntsu. Tsoro da kuka ba laifi ba ne. Kai hari kuwa fitarwa ce nan take, ƙa'idar Bangal ta faɗi haka ƙarara. Ka fara horo mako 6 kafin ranar: minti 5 kullum a kan tebur, abokai daban-daban su riƙa ɗaukarta, ta saba da akwatin tafiya da mota da hayaniyar rediyo. Wanka kwana 2 ko 3 kafin gasa don gashin ya dawo da sheƙinsa, a yanke farata na ƙafa huɗu, a goge kunne da ido. Ka tafi da littafin rigakafi, da yashinta da abincinta da ta saba, da mayafin rufe keji don kada ta riƙa ganin maƙwabciyarta. Mota kuwa da mukayyif, wato na'urar sanyaya iska, a kunne, kuma ko minti biyar kada a bar ta a ciki a kashe.

Wani dattijo daga Ɗa'ifa: Duk wannan ciniki, shin sayar da kyanwa ma ya halatta?

Baba, magana ce da malamai suka yi saɓani a kanta. Akwai hadisin Jabir a Sahihu Muslim da ya zo da hani a kan kuɗin kare da na kyanwa. Wasu malamai sun ɗauke shi a kan haramci, kuma a kan haka fatawar Lajnatud Da'ima, kwamitin fatawa na nan ƙasar, take. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun halatta, suna fassara hanin da karhanci ko da kyanwar da ba ta da amfani. Mu aikinmu lafiyar dabba ne, fatawa sai malaminku. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da saye ba, ƙungiyoyin ceto dabbobi suna bayar da maguna riƙo, kuma magen titin nan mai dogayen ƙafafu da kuke gani a bakin shago ita ma iri ce mai suna, Mau ta Larabawa, wadda WCF ta amince da ita a 2008.